Saiwar Mahaukata: Labarin Maganin da Ya Tashi Daga Kasuwannin Indiya Ya Shiga Asibitocin Duniya

Wanda duk ya saba kallon finafinan Indiya ya san kalmar pagal, ko da bai iya Indiyanci ba. Ita ce jaruma ke jefa wa jarumi idan ya dame ta da soyayya, ma'anarta mahaukaci. To a kasuwannin arewacin Indiya, musamman yankin Bihar, an daɗe ana sayar da wata saiwa mai ɗan karen ɗaci da mutane ke kira pagal ki dawa, wato maganin mahaukaci. Idan mutum ya birkice, ya daina barci, yana ta surutu dare da rana, yana fashe-fashe yana kai wa na kusa da shi duka, sai 'yan uwansa su sayo saiwar a daka a jiƙa masa. Bayan 'yan kwanaki sai a ga ya lafa, barci ya fara ɗaukarsa. Wannan saiwa ce daga baya ta zama ɗaya daga cikin magunguna biyu na farko da likitocin zamani suka samu waɗanda da gaske suke kwantar da taɓin hankali mai tsanani, kuma ta hanyarta aka gano wani babban sirri na yadda ƙwaƙwalwar ɗan Adam ke aiki.

Tsiron kansa ba wani abin kallo ba ne. Ɗan gajere ne, da wuya ya wuce ƙugun mutum, yana son inuwa da laima, yana fitowa a dazukan gindin tsaunukan Himalaya da gabashin Indiya har zuwa Bama da Indunusiya. Furensa fari ne da ratsin ja, saiwarsa kuma a murɗe take kamar maciji. Da harshen Sanskirit ana ce masa sarpagandha, kuma sarpa ɗin maciji ke nan. Tun da can an fi saninsa da maganin saran maciji da harbin kunama, har akwai tatsuniyar da ke cewa tunku yakan tauna saiwar kafin ya shiga faɗa da gamsheƙa. Masana tsirrai na Turai kuwa sun raɗa masa suna Rauvolfia serpentina don tunawa da Leonhard Rauwolf, wani likitan Jamus da ya yi yawon neman tsirrai a Sham da Iraƙi a shekarun 1570. Rauwolf bai taɓa taka ƙasar Indiya ba. Amma sunansa ne ya bi tsiron har yau.

Kafin a zo kan saiwar, ya kamata a san irin gidan da ta fito. Ayurveda, ilimin magani na gargajiyar Indiya, ba al'adar baka kawai ba ce, yana da manyan littattafai. Mafi shahara a fannin cututtukan ciki shi ne Charaka Samhita, wanda asalinsa ya kai kusan shekara 2,000. Littafin ya ware babi guda kan sanadin hauka, wani babin kuma kan maganinta, ya kira cutar unmada. A fahimtarsu jiki yana tafiya ne bisa abubuwa uku: vata da ke kama da iska, pitta da ke kama da zafin matsarmama, da kapha da ke kama da majina. Idan ɗayansu ya yi yawa ya hau zuwa zuciya, wadda suka ɗauka ita ce mazaunin hankali, sai tunani ya rikice. Daga nan suka kasa hauka gida biyar, uku na waɗannan abubuwa ɗaya-ɗaya, na huɗu idan sun haɗu duka, na biyar kuma wanda ya zo daga waje, wato shafar iskoki ko fushin abin bautarsu ko na magabata.

Abin da ke ba mutum mamaki shi ne yadda suka iya lura da majiyyaci. Mai haukan iska, a bayaninsu, yana dariya ba dalili, yana rawa da waƙa, yana magana ba tsayawa, yana ramewa. Mai haukan zafi ba ya haƙuri, yana fushi, yana tuɓe tufafi, yana razana mutane, yana gudu, yana neman inuwa da ruwan sanyi. Mai haukan majina kuma shiru yake yi, ba ya son abinci, yana son kaɗaici da yawan barci. Likitan ƙwaƙwalwa na yau idan ya karanta siffa ta farko da ta biyu zai ga da yawa daga alamomin abin da yake kira maniya, wato yanayin da mutum ke tashi da ƙarfi fiye da ƙima, barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki ba tare da ya ji gajiya ba, tunani na rige-rige a kansa, yana jin ya fi kowa. Ba a ce rabe-raben nasu da na yau abu ɗaya ba ne, don harsashin ya sha bamban. Amma ido dai ya ga abin da ya gani.

Maganin da Charaka ya tsara yana farawa da wanke ciki. A ba majiyyaci mai ya sha, a gasa masa jiki ya yi gumi, a sa shi amai ko gudawa gwargwadon abin da ake ganin ya yi yawa, a ɗura masa magani ta hanci. Sannan a shiga ba shi man shanu da aka dafa da saƙe-saƙi. Akwai wani haɗi mai suna kalyanaka da ke ɗauke da ganye da saiwa iri 28, akwai wani na tafarnuwa, akwai kuma tsohon man shanu da ya shekara goma a ajiye, wanda suke gani ya fi kowane ƙarfi a kan cutar. Ana kuma yi wa majiyyaci nasiha, abokai su lallashe shi, idan rashin wani abu da yake so ne ya jefa shi cikin halin sai a nemo masa makamancinsa.

Sai dai babin bai tsaya a nan ba, kuma masu tallar Ayurveda a yau ba su cika son karanta sauran ba. Idan lallashi ya ƙi, littafin ya ba da damar a ɗaure mutum a ɗaki mai duhu, a yi masa bulala, a tsorata shi da macijin da aka cire wa haƙora, ko a sa dogaran sarki su ja shi bayan gari kamar za a kashe shi. Dalilinsu shi ne tsoron mutuwa ya fi kowane tsoro, zai tattaro hankalin da ya watse. Mai karatu da ya san turu da mari ba zai ga wannan baƙon abu ba, haka ma wanda ya karanta tarihin gidajen mahaukata na Landan da Paris, inda aka yi ta ɗaure mutane da sarƙa har ƙarshen ƙarni na 18. A ganina, inda duk aka ga bulala ta shiga cikin magani, alama ce cewa saƙe-saƙin ba su isar ba. Man shanu da tafarnuwa ba sa kwantar da mutumin da ya kwana bakwai bai runtsa ba.

Wannan ilimi bai zauna a Indiya kaɗai ba. A zamanin Abbasiyawa an fassara littattafan Indiyawa zuwa Larabci a Bagadaza, Ali bin Rabban al-Ɗabari ya ware musu sashe a littafinsa Firdausul Hikma wajen shekarar 850, Al-Razi ma ya riƙa ambaton Charaka. Daga baya ɗibbun Musulmi, wanda a Indiya ake kira Yunani, ya koma can ya zauna kafaɗa da kafaɗa da Ayurveda, masu shi ana ce musu hakimai. Su ma suna da hannu a labarin saiwar, kamar yadda za a gani.

Ita sarpagandha, sunanta ya bayyana a tsofaffin littattafai, amma ba ita ce kan gaba a babin hauka ba, kuma masana suna jayayya kan ko wasu sunayen da ke ciki wannan tsiron suke nufi. Inda ta yi suna na haƙiƙa shi ne a hannun masu maganin ƙauye da 'yan kasuwar saiwoyi, mutanen da ba su rubuta komai ba. Wannan ya sa idan aka ce an shekara dubu uku ana maganin hauka da ita, kamar yadda ake yawan rubutawa a jikin kwalabe, gara mutum ya ɗauki maganar da taka-tsantsan.

Turawan mulki ba su ba irin wannan ilimi muhimmanci ba. A 1835 suka rufe azuzuwan maganin gargajiya da gwamnati ke ɗaukar nauyi a Kalkata, suka buɗe kwalejin likitanci irin ta Ingila. Kusan shekara ɗari bayan haka, lokacin da guguwar neman 'yancin kai ta taso, sai wasu 'yan ƙasa masu ilimi biyu suka ɗauki aniyar nuna cewa akwai abin kirki a tukunyar kakanninsu. A shekara guda, 1931, abubuwa biyu suka faru.

A Kalkata, Gananath Sen, wanda babban malamin Ayurveda ne kuma ya yi karatun likitancin zamani, tare da likita Kartick Chandra Bose, suka wallafa rahoto a wata mujalla mai suna Indian Medical World. Sun gwada garin saiwar a kan majiyyata, suka ga tana sauke hawan jini, tana kuma kwantar da masu haukan da ke zuwa da faɗa da tashin hankali. Sun kuma lura ba kowace irin hauka take wa aiki ba, ga wanda cutarsa ta baƙin ciki da sanyin jiki ce ba ta da amfani. Kusan duk abin da duniya za ta yi ta murnar ganowa bayan shekara ashirin yana cikin wannan ɗan rahoto.

A Delhi kuma akwai Kwalejin Tibbiya, wadda Hakim Ajmal Khan ya kafa don koyar da Yunani da Ayurveda a wuri ɗaya, Mahatma Gandhi ne ma ya buɗe gininta a 1921. Ajmal Khan ya daɗe yana ba majiyyatansa saiwar, kuma yana son a san abin da ke cikinta. Shi ya ƙarfafa wa wani saurayi mai suna Salimuzzaman Siddiqui gwiwa ya je Jamus ya karanto ilimin sinadarai. Kafin aikin ya kankama Hakim ya rasu a 1927. Da Siddiqui da abokin aikinsa suka tace sinadarai na farko daga saiwar a 1931, sai ya raɗa wa babban cikinsu suna ajmaline don girmama maigidansa. Har gobe likitocin zuciya suna amfani da ajmaline wajen gwajin wata cutar bugun zuciya ta gado, galibinsu ba tare da sanin cewa sunan wani hakimin Delhi suke furtawa ba. Sai dai sinadarin da ke kwantar da hankali bai faɗo hannun Siddiqui ba. Yana maƙale a cikin wani danƙo da ke saura bayan tacewa. Masu bincike a Kalkata sun lura a shekarun 1940 cewa ƙarfin sa barcin yana cikin wannan danƙon, amma ba su kai ga ware shi ba.

Duk wannan lokaci Turai da Amurka ba su ji ba, ko kuma ba su saurara ba. Mujallun Indiya ba sa isa ɗakunan karatunsu, kuma maganin da boka ke sayarwa a kasuwa ba abin da farfesa zai ɓata lokaci a kai ba ne. Wanda ya buɗe ƙofar shi ne Rustom Jal Vakil, likitan zuciya a Bombay, da ya wallafa sakamakon gwajin majiyyata 50 masu hawan jini a mujallar British Heart Journal a 1949. A wancan zamani hawan jini mai tsanani kusan hukuncin kisa ne, magungunan da ake da su ko ba sa aiki ko sun fi cutar wahalarwa. Nan take kamfanoni suka farka. A 1952 masana uku a kamfanin Ciba da ke Basel ta ƙasar Suwizalan, Müller da Schlittler da Bein, suka ciro sinadarin daga danƙon nan, suka kira shi reserpine, kamfanin ya fito da shi kasuwa da sunan Serpasil.

Ta ƙofar hawan jini ya shiga, sai daga baya aka tuna da hauka. A 1953 jaridar New York Times ta ba da labarin wani likita a Ahmedabad, R. A. Hakim, da aka karrama saboda amfani da haɗin gargajiya mai ɗauke da saiwar a kan masu taɓin hankali. Nathan Kline, likita a asibitin mahaukata na Rockland da ke jihar Niyok, ya gwada saiwar da sinadarin a kan ɗaruruwan majiyyata, ya fitar da sakamako a 1954. Ɗakunan da aka saba da ihu da fasa tagogi suka yi tsit. Mutanen da aka yi shekaru ana ɗaurewa suka zauna suna cin abinci da hannunsu. A daidai lokacin ne wani maganin, chlorpromazine, ya fito daga Faransa. A 1955 yawan mutanen da ke tsare a asibitocin mahaukata na jihohin Amurka ya kai kusan 559,000, daga nan ya fara raguwa, ko da yake canjin dokoki da lissafin kuɗi su ma sun taka rawa. A 1957 aka ba Kline lambar yabo ta Lasker, aka ba Vakil ma. Sen da Bose, da suka faɗi maganar tun 1931, ba wanda ya tuna da su a wurin bikin.

Tashen reserpine a fannin ƙwaƙwalwa bai daɗe ba. Yana da jinkirin kamawa, yana toshe hanci, yana kawo kasala da gyambon ciki, jini ya sauka har mutum ya yanke jiki ya faɗi, wasu kuma jikinsu ya sandare hannu na karkarwa kamar masu cutar Parkinson. Abin da ya fi kashe masa kasuwa shi ne rahotannin da suka fito cewa wasu masu shan sa don hawan jini sun faɗa cikin matsanancin baƙin ciki, har da masu kashe kansu. Gaskiya ne a lokacin ana ba da shi da yawa ƙwarai, ninkin-ba-ninkin abin da aka gane daga baya ya isa. Gaskiya ne kuma wani gwaji da Davies da Shepherd suka yi a asibitin Maudsley na Landan a 1955 ya nuna ya ma taimaki masu damuwa. Amma suna ya riga ya ɓaci. Chlorpromazine ya kwashe kasuwar, ita kuma maniya aka koma yi mata magani da lithium, wanda John Cade ya gwada a Ostareliya ya wallafa sakamakonsa a 1949.

Illar nan ta sandarewar jiki ita ce ta zama alheri ga ilimi. A 1955, a ɗakin binciken Bernard Brodie a Amurka, aka gano reserpine yana zubar da wani sinadarin aika saƙo na ƙwaƙwalwa mai suna serotonin. Yadda abin yake, ƙwayoyin jijiya suna tara irin waɗannan sinadarai a cikin wasu 'yan jakunkuna kafin su sake su, shi kuma reserpine yana toshe ƙofar jakar, sai abin da ya rage a waje ya lalace, rumbu ya zama wayam. Jiki yakan ɗauki kwanaki ko makonni kafin ya gina sababbin ƙofofi, shi ya sa aikin saiwar ke daɗewa bayan an daina sha. Wani ɗan Suwidin da ya yi aiki da Brodie, Arvid Carlsson, ya koma gida ya ba dabbobin gwaji reserpine har suka kwanta ba motsi, sannan a 1957 ya yi musu allurar L-dopa, cikin ɗan lokaci suka miƙe suna yawo. Daga nan ya nuna cewa dopamine sinadarin saƙo ne mai zaman kansa, kuma shi ke riƙe da motsin jiki. A kan wannan aka gina maganin cutar Parkinson da ake sha har yau, da kuma babban kaso na bayanin da likitoci ke yi game da taɓin hankali. Carlsson ya karɓi kyautar Nobel a 2000.

Akwai reshen labarin da ya iso Afirka ta Yamma. Da buƙatar saiwar ta yi yawa, aka yi ta tone ta daga dazukan Indiya har gwamnati ta taka wa fitar da ita birki a tsakiyar shekarun 1950. Kamfanoni suka juyo ga 'yar uwarta, Rauvolfia vomitoria, wadda ke fitowa a kurmin Kwango da Gana da kudancin Najeriya, kuma ita ma tana ɗauke da reserpine. A nan aka tarar ba a jira kowa ba. Yarbawa suna kiran itacen asofeyeje, kuma masu maganinsu sun daɗe suna jiƙa saiwarsa su ba mahaukata. Raymond Prince, likita ɗan Kanada da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta zamanin Farfesa Adeoye Lambo, ya rubuta haka a wata mujallar likitocin Amurka a 1960. Ya kuma kawo labarin wani mai magani, Cif Adetona, da aka kai Ingila a 1925 don ya duba wani babban mutum ɗan Najeriya da ya samu taɓin hankali a can, ya tafi da saiwarsa. Shekara 27 ke nan kafin Ciba ta ware sinadarin. Jama'a biyu da teku ya raba, kowa da harshensa da fahimtarsa ta abin da ke kawo hauka, suka dace a kan dangin itace guda.

A yau reserpine ya kusa ɓacewa daga kantunan magani na Turai da Amurka, sai ɗan abin da ba a rasa ba a haɗin maganin hawan jini a wasu ƙasashe. Saiwar kuwa tana nan. Ana sayar da garinta da ƙwayoyinta a shagunan Ayurveda da kuma ta intanet, ana tallata ta da cewa ganye ce don haka ba ta da illa. Wannan magana tarihin saiwar kansa ya ƙaryata ta. Abin da ke cikinta shi ne dai sinadarin da ya kwantar da majiyyatan Rockland, ya kuma kayar da zomayen Carlsson, sai dai a cikin gari ba wanda ya san adadinsa, don ya danganta da ƙasar da tsiron ya fito da shekarunsa da lokacin da aka tone shi. Wanda ke shan maganin hawan jini ko na ƙwaƙwalwa daga asibiti ya ƙara da ita ba da sanin likita ba yana iya samun kansa a ƙasa, mai juna biyu da mai gyambon ciki da wanda ya taɓa fama da baƙin ciki mai tsanani kuwa an hana su ita gaba ɗaya.

Tsiron daji ya yi ƙaranci har aka sa shi a 1990 cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido wajen cinikinsu tsakanin ƙasashe. Yanzu noma shi ake yi a wasu jihohin Indiya, manomi ya jira shekara ɗaya da rabi zuwa uku kafin ya tone saiwar, ya wanke ya shanya a inuwa ya kai wa dillali.